Shin Wasiƙa Za Ta Sa a Sallama Mana Gidan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya iyali? Ni da maigidana muna zaune a jihar Maryland ta Amurka da yaranmu uku, kuma zaman haya ya ishe mu. Tun bara muke neman gidan saye, mun taya biyu, duk aka fi mu. Yanzu mun ga wani mai ɗaki uku da ɗan lambu a baya, na wasu dattawa ne mata da miji da suka daɗe a ciki, za su koma kusa da 'yarsu a wata jiha. Dala 410,000 aka sa masa, mu kuma ƙarshen ƙarfinmu 420,000, ga shi dillaliyarmu ta ce akwai wasu masu tayi. Gidan ya sha kulawa: a gareji kowane gwangwanin fenti an rubuta masa ɗakin da aka shafa da shi, a kan teburin kicin kuma sun ajiye fayil na rasitan duk gyaran da suka taɓa yi. Wata abokiyar aikina ta ce in rubuta musu wasiƙa in haɗa da hotonmu da yara, wai haka ta samu nata. Dillaliyarmu ta nuna ba ta so, amma ba ta yi mini bayani ba. Ni dai na riga na rubuta shafi biyu. Na ba da labarin zuwanmu ƙasar, na ce gidan na kusa da masallacin da muke zuwa, na ce wa'adin hayarmu ya kusa cika, na kuma faɗi yadda na ga zanen fensir a katakon ƙofar kicin inda suke auna tsawon 'ya'yansu, har na yi hawaye, na ce ni ma a nan zan riƙa auna nawa. Anti, in tura ko kar in tura?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau, Allah Ya sa a dace. Wannan mai shafi biyun kar ki tura ta. Ki ajiye ta a wurinki, domin gaskiyar zuciyarki ce kika rubuta, amma ba ta cikin abin da ya kamata ya shiga hannun wanda kuke ciniki da shi. Akwai wata wasiƙar da za ki iya turawa, gajera, za mu zo kanta. Kafin nan ina so ki gane abin da dillaliyarki ta yi shiru a kai, don idan kika gane shi ke da kanki za ki san abin da za ki cire.

Abokiyar aikinki ba ƙarya ta yi miki ba. Wannan al'ada ta rubuta wa mai sayar da gida wasiƙa ta daɗe a Amurka, amma ta yi tashe sosai a 2020 da 2021, lokacin da kuɗin ruwan bashin gida ya faɗi ƙasa warwas. A Janairun 2021 ƙididdigar Freddie Mac, wani babban kamfanin harkar bashin gidaje a Amurka, ta nuna kuɗin ruwan bashin shekara 30 ya sauko kashi 2.65 cikin ɗari, abin da ba a taɓa gani ba. Jama'a suka yi caa a kan gidaje, gida ɗaya sai ya samu masu tayi rututu, kowa na neman abin da zai bambanta shi da saura. Daga baya kuɗin ruwan ya haura kashi 7 a ƙarshen 2022, waɗanda suka ci bashi mai sauƙi suka ƙi sakin gidajensu, don haka har yanzu a unguwanni masu kyau gidan sayarwa kaɗan ne, masu nema da yawa. A irin wannan yanayi, idan tayi biyu suka yi kusan kunnen doki, mai gidan da ya tsufa a cikin gidansa yana iya karkata ga wanda ya ji ya kwanta masa a rai. Yana faruwa.

Sai dai ki tsaya ki duba ta inda wasiƙar take aiki. Tana aiki ne idan mai gida ya karanta ya ga kansa a jikin mai saye: waɗannan irinmu ne, haka muke lokacin da muka shigo da ƙananan yara, wurin ibadarmu ɗaya, yarenmu ɗaya. To wannan ganin kai a jikin wani shi ne ainihin abin da dokar ƙasar ta hana a yi ciniki a kansa. Dokar adalci a harkar gidaje, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, ta haramta a ƙi sayar wa mutum gida saboda ƙabilarsa, ko launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali. A 1974 aka ƙara batun mace ce ko namiji, a 1988 aka ƙara nakasa da kuma kasancewar mutum yana da yara 'yan ƙasa da shekara 18 ko mace tana da juna biyu. Jiharku ta Maryland ma ta ɗora nata a kai, har da matsayin aure da hanyar da mutum yake samun kuɗinsa. Yanzu ki ɗauko shafi biyun nan naki ki sake karantawa. Labarin zuwanku ya faɗi ƙasarku. Masallaci ya faɗi addininku. Auna tsawon yara ya faɗi cewa kuna da ƙanana. Hoto kuma ya nuna launin fatarku da mayafinki. Abu huɗu ke nan daga cikin waɗanda doka ta ce kar mai gida ya duba, kin tattaro su kin miƙa masa a ambulan ɗaya.

Da zarar dattawan nan sun karanta, ba su da yadda za su mayar da abin da suka sani. Idan suka zaɓe ku, wanda aka bari yana iya cewa an fifita ku ne don addininku ko asalinku. Idan suka bar ku, ku ma kuna iya zargin addini ne ko fata. Ko ta ina an sa su a tsaka mai wuya, su da dillalinsu, domin ana iya kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya cikin shekara guda. Shi ya sa a 2020 ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta ja kunnen membobinta a kan irin waɗannan wasiƙu, ta ba su shawarar kar su taya rubutawa, kar su kai, kar ma su karanta. Jihar Oregon ta wuce nan: a 2021 ta yi doka da ta tilasta wa dillalin mai sayarwa ya ƙi karɓar irin wannan wasiƙa, dokar ta fara aiki a Janairun 2022. Ba ta yi nisa ba, a watan Maris na shekarar wani alƙalin kotun tarayya, Marco Hernández, ya dakatar da ita bisa hujjar cewa ta taka 'yancin faɗin albarkacin baki, daga baya aka soke ta gaba ɗaya. Saboda haka rubuta wasiƙa ba laifi ba ne a doka. Laifin yana wurin wanda ya yanke hukunci da abin da ya karanta a ciki. Dillaliyarki lasisinta take karewa, kuma tana da gaskiya, sai dai ya kamata ta zaunar da ke ta faɗa miki haka ƙarara.

Amma ni abin da ya fi damuna ba dillaliya ba ce, ke ce. Ba ki san zuciyar mutanen nan ba. Mai yiwuwa mutanen kirki ne ƙwarai, wanda yake rubuta sunan ɗaki a jikin gwangwanin fenti don wanda zai zo bayansa ya huta, da wuya a ce ba shi da tunanin wani. Duk da haka ba su kaɗai za su karanta ba. Akwai dillalinsu, akwai 'yarsu, akwai maƙwabcin da za a nuna wa hoton a tambaye shi ra'ayi. Idan ɗaya daga cikinsu yana da wani abu a ransa game da Musulmi ko baƙi ko baƙar fata, ba zai taɓa faɗa ba. Za a ce miki kawai an karɓi wani tayin, ba za ki san dalili ba, ba ki kuma da abin riƙewa a hannu. Za ki ce ai sunayenku na nan a takardar tayi, duk wanda ya gani ya san ko ku su wane ne. Haka ne. Kuma ba ina cewa ki ɓoye addininki ko ki ji kunyar asalinki ba, Allah Ya kiyaye. Suna a takarda dole ne. Amma ki gayyaci mutum ya auna ki da addininki da fuskar 'ya'yanki a wurin da doka ta ba ki 'yancin a auna ki da kuɗinki da sharuɗɗanki kawai, wannan sarayar da haƙƙi ne da wasu suka sha wuya kafin a samo shi. Hoton yara kuwa, ko babu wata doka, ban yarda a tura shi hannun mutanen da ba a sani ba, ya yi ta yawo a imel daga wannan ofis zuwa wancan.

Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda ba ruwanta da wariya. Ciniki ba ya ƙarewa ranar da aka karɓi tayinki. Bayan nan ne mai duba lafiyar gida zai zo ya hau rufi, ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya duba wayoyin wuta da na'urar ɗumama gida. A ce ya tarar rufin ya gaji, sai an canza shi da dubban daloli, kuka koma kuna neman ragi. Dillalin masu gidan zai ɗauko wasiƙarki ya ga mace ta ce ta yi hawaye a kicin, ta ce wa'adin hayarta ya kusa cika. Me zai sa su rage? Sun san ba inda za ki. Ko a kasuwa, wanda ya rungume kaya kafin ya tambayi kuɗi ba ya samun ragi. Saboda haka a kowace irin wasiƙa, kar maganar hayarku ta fito, kar a ji cewa an kayar da ku sau biyu, kar a ji iyakar kuɗinku, kar a ji kin ce wannan gidan ko babu.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki ce wa dillaliyarki ta kira dillalin masu gidan ta tambaye shi abu biyu. Na farko, suna karɓar wasiƙa? Wasu tun a tallar gidan suke rubuta cewa ba sa karɓa, wasu kamfanonin dillanci kuma sun hana ma'aikatansu miƙawa. Idan aka ce a'a, shi ke nan, kar ki bi ta bayan gida ki jefa a akwatin saƙonsu ko ki nemo su a Facebook, wannan yana iya ɓata tayinki gaba ɗaya. Na biyu, kuma wannan ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba: ban da kuɗi, me dattawan suke buƙata?

Idan an ce suna karɓa, ki rubuta a kan gidan, kar ki rubuta a kan kanki. Ki kuma taƙaita, abin da bai wuce rabin shafi ba. Da Turanci za ki rubuta, amma ga ma'anar abin da nake nufi:

"Barkanku da warhaka. Mun gode da kuka ba mu damar ganin gidanku. Abin da ya fara jan hankalinmu shi ne gwangwanayen fenti a gareji, kowanne da sunan ɗakinsa, da fayil ɗin rasitan gyara da kuka ajiye a kan tebur. Mun karanta shi duka, ya nuna mana irin hannun da gidan ya daɗe a ciki. Lambun baya ma mun ga an sha aiki a kansa, muna da niyyar ci gaba da kula da shi. Mun shirya tayinmu yadda ba zai takura muku ba: kuɗinmu a shirye yake, ranar tashi kuma ku za ku zaɓa. Ko wane tayi kuka karɓa, muna yi muku fatan sauka lafiya a sabon wurinku."

Kin ga babu ƙasa a ciki, babu addini, babu yara, babu roƙo. Amma duk wanda ya kwashe shekaru yana tara rasitai a fayil, idan ya ji an buɗe an karanta, zai ji daɗi har cikin ransa, domin galibin masu zuwa kallon gida ko taɓa fayil ɗin ba sa yi. Ki lura da maganar lambu: ki rubuta ta ne kawai idan da gaske kike. Wasiƙa ba ta cikin yarjejeniya, babu wanda zai kai ki kotu don kin sare itace bayan kin ce za ki bar shi, amma alƙawari kaya ne, kuma bai dace a yaudari tsofaffi da abin da suke ƙauna don a samu makulli ba. Haka nan idan kuna da shirin rushe bangon kicin ko cire kafet, ki bar shi a cikinki. Ba ƙarya ba ce yin shiru a kan abin da ba a tambaye ki ba, kuma babu mai son jin yadda za a farfasa ɗakin da ya yi rayuwa a ciki.

Sai zanen fensir ɗin nan na ƙofar kicin, wanda na san shi ya fi taɓa ki. Kar ki ambaci naki yaran. Maimakon haka ga abin da nake ganin ya fi kyau. A ƙa'idar cinikin gida, duk abin da yake manne a jikin gini na mai saye ne, sai in an cire shi a rubuce. Ke nan katakon nan naku zai zama. To ki sa dillaliyarki ta rubuta a cikin tayin, layi ɗaya, cewa masu gidan suna da izinin cire katakon ƙofar kicin su tafi da shi, ku za ku sa wani da kuɗinku. Katako ne na 'yan daloli. Amma uwar da ta tsaya da fensir shekara da shekaru tana cewa yaro ya miƙe ya daina ɗaga dunduniya, za ta san cewa wadda ta rubuta wannan layi ta ga abin da ke wurin. Ba ki faɗa mata komai game da kanki ba, ba ki sa ta cikin haɗarin doka ba, kuma saƙon ya isa.

Wannan ya kawo mu ga inda ƙarfin tayi yake na gaske. Mai sayar da gida abu biyu yake tsoro: cinikin ya watse a tsakiya, ko a kore shi kafin ya shirya. Duk wanda ya cire masa waɗannan biyun ya riga mai wasiƙa mai daɗi.

Mutanen nan jiha za su canza, kuma kayan shekaru ne a gidan. Galibi daga karɓar tayi zuwa ranar sa hannu da miƙa makulli kwana 30 ne zuwa 45, wanda ga tsoho mai kwashe gareji da ɗakin ajiya ba wani lokaci ba ne. Ki bar musu zaɓin ranar. Idan hali ya yi, ku ba su damar ci gaba da zama bayan an kammala ciniki, mako biyu ko wata guda, kyauta ko da ɗan haya kaɗan, a rubuce. Ki dai kula kar ya wuce kwana 60, domin yawancin bashin gidan zama yana da sharaɗin mai saye ya tare cikin wannan wa'adi. Ku nemi mai gidan hayarku ya ƙara muku wata ɗaya ko biyu tun yanzu, don ku samu sararin yin wannan alheri. Ku kuma ce duk kayan da suka ga ba za su iya ɗauka ba su bar su, ku za ku san yadda za ku yi da su. Wanda bai taɓa kwashe gidan dattijo ba ba zai san girman wannan ba.

Ta fuskar tabbaci, kuɗin kafin alƙalami yakan kama daga kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na farashi. A kan dala 420,000, kashi 1 shi ne 4,200, kashi 3 kuma 12,600. Ba ƙarin kuɗi ba ne, ana ajiye shi a asusun amana ne a lissafa shi cikin abin da za ku biya a ƙarshe, don haka ɗaga shi zuwa sama yana nuna da gaske kuke ba tare da gidan ya ƙara muku tsada ba. Ku dai sani idan kuka janye ba bisa wani sharaɗi da ke cikin yarjejeniya ba, kuna iya rasa shi. Takardar amincewar banki ma iri-iri ce. Akwai wadda ake bayarwa bayan 'yar hira ta waya, akwai wadda sai an tantance takardun albashi da na haraji da na asusu. Ta biyun ku nema, kuma ku roƙi jami'in bankin ya kira dillalin masu gidan da bakinsa. Idan da kamfanin da ke bin tsarin Musulunci kuke aiki, na musharaka ko murabaha, wannan kiran ya zama tilas, saboda dillalai da yawa ba su saba da takardun ba, abin da mutum bai sani ba kuwa yakan ɗauke shi a matsayin haɗari. A yi masa bayani cewa mai gida kuɗinsa zai karɓa cif a ranar kammalawa kamar kowane ciniki, a kuma faɗa masa kwana nawa aikin zai ɗauka.

Ki kuma yi lissafin wannan tun kafin ki sa hannu: idan kuka taya 420,000 amma mai ƙiyasta darajar gida na banki ya ce 410,000 ne, banki a kan ƙaramin zai ba da bashi, gibin 10,000 daga aljihunku zai fito. Idan kuna da shi ku rubuta cewa za ku cike har zuwa adadi kaza, wannan yana kwantar wa mai sayarwa da hankali sosai. Idan ba ku da shi kar ku rubuta. Sharaɗin duba lafiyar gida kuwa, kome aka ce miki, kar ki yafe shi. Ki rage kwanakinsa, ki ce ba za ku nemi gyaran ƙananan abubuwa ba, amma ki bar wa kanki ƙofar fita idan aka tarar da matsala a tushen gini ko rufi. Kuma 420,000 ɗin nan da kuka ce shi ne ƙarshenku, ki riƙe maigidanki, shi ma ya riƙe ki, kar zafin gasa ya sa ku ƙetare shi. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Yayana ya rasu a nan Amurka ya bar gida, kotu ta naɗa ni mai kula da gadon, magadan kuwa matarsa ce da yara huɗu. Mun sa gidan a kasuwa ta hannun dillali, tayi uku suka zo. Ɗaya ya zo da wasiƙa daga wani iyali Musulmi, har da hoto, sun ce sun ga alamun gidan Musulmi ne, suna roƙon a duba zumuncin addini. Tayinsu ya gaza mafi girma da dala 8,000. Zuciyata ta karkata gare su. Ya kike gani?

AMSA: Alhaji, Allah Ya jiƙan yayanku Ya raya abin da ya bari. Na fahimci abin da kuke ji, kuma niyyar mai kyau ce, amma ku yi haƙuri, ba hurumin ku ba ne. Dalili biyu ne.

Dokar 1968 ba ta san ɓangare ba. Kamar yadda ta hana a ƙi sayar wa Musulmi don addininsa, haka ta hana a ƙi sayar wa Kirista ko Bayahude ko marar addini don ana son a ba Musulmi. Idan kuka bar tayi mafi girma kuka ɗauki ƙarami, ga kuma wasiƙa a fayil tana cewa a duba zumuncin addini, kun rubuta wa wanda aka bari takardar ƙararsa da hannunku, kuma dukiyar marayun ce za ta biya lauya. Mu da muke kuka idan aka yi mana irin wannan, bai kamata a same mu muna yi ba.

Na biyun ya fi kusa da gida. Dala 8,000 ɗin nan ba taku ba ce. Ta gwauruwar yayanku ce da 'ya'yansa huɗu, ku amana aka ba ku, kuma mai kula da gado a gaban kotu wajibinsa ne ya nemo wa magada abin da ya fi musu amfani. Ba a yin kyauta da dukiyar maraya. Wannan ba ya nufin dole ku ɗauki mafi yawan kuɗi ido rufe. Idan mai babban tayin takardar bankinsa ba ta da ƙarfi, ko sai ya sayar da nasa gidan tukuna, ko ya cika sharuɗɗa, kuna iya ganin ƙaramin ya fi tabbas. To ku sa dillali ya jera muku tayi ukun a takarda ɗaya, farashi da kafin alƙalami da sharuɗɗa da ranar kammalawa, babu suna babu hoto, ku zauna da matar marigayin da lauyan gadon ku zaɓa a kan wannan, ku rubuta dalilinku ku ajiye. Dillalin yana iya komawa ga duk masu tayin ya ce kowa ya kawo ƙarshen abin da zai iya, iyalin nan ma su samu damar ƙarawa kamar kowa. Daga yau kuma ku ce masa kar ya sake miƙo muku wasiƙar kowa.

TAMBAYA: Anti, akwai wani gida a layinmu da ya fi shekara a rufe, ba a sa shi a kasuwa ba. Zan iya rubuta wa mai shi in ce ina son saye?

AMSA: Za ka iya, ƙanena, kuma a nan ne wasiƙa ta fi amfani, tunda babu wasu masu tayi da za a ce an fifita ka a kansu. Sunan mai gida da adireshin da ake aika masa takardar haraji suna cikin bayanan ofishin harajin gidaje na ƙaramar hukumarku, a yawancin wurare ana dubawa kyauta a intanet. Ka rubuta da hannu, don masu irin waɗannan gidaje sun gaji da takardun kamfanonin da ke neman saye da araha, ko buɗewa ba sa yi. Ka ce kai maƙwabci ne, ka faɗi layin, ka ce don zama kake so, ka bar lambar wayarka, ka ce idan ba su da niyya ba za ka sake damun su ba. Kar ka sa farashi a wasiƙar farko, kar kuma ka ce ka ga gidan yana lalacewa. Gidan da ya daɗe a rufe sau da yawa rasuwa ce ko jinya a bayansa, saboda haka ka tausasa harshe. Idan suka amsa, kafin ka ba da ko dala ɗaya ka sa lauya ko kamfanin binciken takardun mallaka ya tabbatar wanda kake magana da shi yana da ikon sayarwa, kuma babu bashin haraji ko na banki a kan gidan.